Tirelar Da Ta Ruɓe Daga Ciki: Nazarin Yadda Tsatsa Ta Ci Abin Jan Kwale-kwale

Tirelar ƙarama ce, mai aksil ɗaya da taya biyu, irin wadda ake ɗora wa kwale-kwalen kamun kifi mai inji a ja shi da mota zuwa bakin teku. Shasinta na bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, wanda aka tsoma a narkakkiyar tutiya (wato zinc, ƙarfen da ake lulluɓe wasu ƙarafa da shi don hana tsatsa) tun daga masana'anta. Sifirin ɗinta na falle-falle ne, birkinta mai dram, kwale-kwalen kuma yana kwanciya a kan dogayen katakai biyu da aka lulluɓe da kafet. Mai ita yakan shiga ruwan gishiri a yawancin ƙarshen mako idan yanayi ya yi kyau. In ya dawo sai ya watsa wa kwale-kwalen ruwa, ya wanke injin da kyau, ya tura tirelar bayan gida a kan ciyawa, ya rufe komai da tamfol har ƙasa.

A shekararta ta shida ta tsaya masa a hanya. Tayar hagu ta fara kuka, cibiyarta ta yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ga hayaƙin ƙonannen giris. Da aka kai ta wurin makanike, niyyar kowa a canza boris a wuce. Daga nesa babu abin da zai sa ka yi zargin wani abu, don shasin yana nan da launin tokarsa, babu ɗigon ja ko ɗaya a gefen da ido ke gani. Ashe kyan ɗan maciji ne.

Abin da aka tarar da aka kwance ta

Boris ɗin ya riga ya farfashe, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne girisin da ke ɗaya tayar, wadda ba ta yi ƙara ba tukuna: ya koma ruwan madara, ya saki, in ka murza shi tsakanin yatsu sai ka ji tsaki-tsaki. Ruwa ya daɗe yana shiga. Hanyar shigarsa sananniya ce ga duk mai gyaran irin waɗannan tireloli. Bayan doguwar tafiya cibiyar taya tana da ɗumi, iskar da ke cikinta ta buɗe. Da zarar an koma da baya an tsunduma ta a ruwan sanyi, iskar nan sai ta tsuke, cibiyar ta zuƙo ruwa ta bakin sil ɗin baya, wato zoben robar da ke toshe bayanta. Sil ɗin an yi shi ne musamman don ya hana giris fita, ƙarfinsa wajen hana ruwa shiga kaɗan ne. Mai tirelar ya tabbatar cewa al'adarsa ke nan, yana isa bakin ruwa ba ya jira, sai ya saki kwale-kwale.

Sifirin ya fi ba da tsoro. Tsakanin falle da falle tsatsa ta taru ta kumbura har ta ɗaga su, ana iya zura bakin sukundireba a wuraren da ya kamata a ce ƙarfe na manne da ƙarfe. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri sau da yawa, shi ya sa take buɗe duk abin da ta shiga tsakaninsa. Fallen sama na ɓangaren dama ya tsage kusa da ƙusar tsakiya. Wato ko boris bai mutu ranar ba, sifirin na dab da karyewa, kuma karyewar sifirin a kan gudu da kwale-kwale a sama ba ƙaramar magana ba ce.

Daga nan aka koma kan shasi da ƙaramar guduma. Daga wuyan tirelar har zuwa aksil ƙarfen yana amsawa da ƙara mai tsabta. Da aka zo kan sandar da ta gitta ta baya, wadda ita ce ke fara nutsewa kuma ita ce ke fitowa a ƙarshe, sai sautin ya mutu, ya koma buf-buf. An danna sukundireba a ƙasanta kusa da walda, ya shige. Abin da ya zubo baƙin ruwa ne da ɓawon tsatsa da yashi. An haska tocila ta ƙarshen bututun: ramukan da aka bari don ruwa ya tsiyaye duk laka ta toshe su, ƙasan bututun daga ciki ya zama kwata. Fatar waje tana nan da tutiyarta, naman ciki ya tafi.

Ƙarƙashin kafet ma an sami ɓarna. Ƙarafan da ke riƙe da katakai sun cinye daidai inda suka haɗu da itacen, ƙusoshin da suka ratsa shi sun sirance a tsakiya. Mai tirelar ya taɓa canza katakan da kansa, ya sayi irin wanda aka jiƙa da maganin hana ruɓewa, yana ganin ya yi dabara tunda wurin ruwa ne. Magungunan da ake jiƙa katako da su yanzu, irin su ACQ da suka maye gurbin CCA a kasuwar gidaje ta Amurka daga ƙarshen 2003, suna ɗauke da jan ƙarfe mai yawa. Jan ƙarfe kuwa in ya haɗu da tutiya ko alminiyam a cikin laima, su yake ci. Ga kafet a sama yana riƙe ruwan gishiri kwana da kwanaki.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Dram ɗin birki ya cika da tsatsa, takalman birkin gefe ɗaya sun daskare ba sa motsi. Wayoyin fitilu sun yi kore a duk mahaɗa. Ƙusoshin U da ke ɗaure aksil, waɗanda wani ya taɓa canzawa da masu ƙyalli na shagon kayan gini, sun yi jajir, sai da aka yanke su.

Me ya sa tutiyar ba ta cece ta ba

Tambayar da mai tirelar ya yi ta maimaitawa ke nan, kuma tana da hujja, don ya biya kuɗin tirelar da aka ce masa ta ruwan gishiri ce.

Tsoma ƙarfe a tutiya tsohuwar fasaha ce. Injiniyan Faransa Stanislas Sorel ya yi mata rajista tun 1837, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba: a wanke ƙarfe da asid, a tsoma shi a tutiyar da ta narke a zafin kusan digiri 450 na Salsiyos, ta kama jikinsa ciki da waje. Kariyarta iri biyu ce. Tana rufe ƙarfen, sannan in an karce ta har ƙarfe ya bayyana, ita ce ke narkewa a madadinsa. Sai dai wannan na biyun yana nufin kullum raguwa take yi. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 1461 ya ƙayyade matsakaicin kaurinta da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita: mikron 55 ga ƙarfen da kaurinsa ke tsakanin milimita 1.5 da 3, mikron 70 ga wanda ya wuce 3 zuwa 6, mikron 85 ga wanda ya wuce haka. Wani ma'aunin, ISO 9223, ya karkasa iskar wurare bisa yadda take cin ƙarfe. A rukunin C3, matsakaici, tutiya na raguwa da mikron 0.7 zuwa 2.1 a shekara. A rukunin C5, inda bakin teku mai gishiri yake, 4.2 zuwa 8.4 ne. A mafi tsananin rukuni, CX, tana iya kaiwa 25. Yi lissafi da kanka: mikron 70 a C3 zai haura shekara talatin, a C5 tsakanin takwas da sha shida, a CX kuwa ba zai kai uku ba in abin ya tsananta. Waɗannan alƙaluma na iska ne, ba na abin da ake tsomawa a teku ba, amma sun isa su nuna cewa a jikin tirela ɗaya akwai duniya biyu. Gefen shasin da rana ke bugawa, ruwan sama na wanke shi, yana zaune a sassauƙan yanayi. Cikin bututun baya da laka ta toshe yana zaune a mafi muni.

Ƙusoshi masu ƙyallin nan kuma da lantarki aka shafa musu tutiya, kaurinta mikron kaɗan ne, sau da yawa bai kai 10 ba. An yi su don cikin ɗaki. A tirelar teku shekara ɗaya ta ishe su.

A ganina babban abin da wannan lamari ya fito da shi shi ne lokacin da ɓarnar ke faruwa. Tirela takan yi minti kaɗan a cikin ruwa, ta yi mako guda a ajiye. A cikin makon nan ake cinye ta. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma in ya bushe gishirin ba ya zuwa ko'ina. Gishirin sodiyam yana janyo ruwa daga iska ya narke da kansa idan laima ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari, kamar yadda yake jiƙewa a buɗaɗɗen kwano lokacin damshi. Gishirin magniziyam da ke cikin ruwan teku ya ma fi shi, tun laima tana wajen kashi 33 yake fara jiƙewa. Wato tirelar da mai ita ke ganin ta bushe, kowane dare sai ta sake jiƙewa da ruwan gishirin da ya fi na teku kauri. Ajiye ta a kan ciyawa ya ba ta laima daga ƙasa, tamfol ya hana laimar fita. Ita kuwa tutiya tana buƙatar iska da bushewa kafin ta yi wannan fatar mai launin toka da ke rage mata saurin cinyewa. Inda ta zauna a jiƙe babu iska, farin gari take yi mai laushi wanda ba ya kare komai, kuma an ga irinsa jingim a ƙarƙashin shasin.

Wani abokin mai tirelar ya ba shi shawara ya ɗaura mata dunƙulen tutiya irin wanda ake sa wa injin jirgi. Dabarar gaskiya ce, masanin kimiyyar Ingila Humphry Davy ya gwada ta a 1824 a kan jan ƙarfen da ake lulluɓe jiragen sojan ruwan Ingila da shi, kuma ta yi aiki. Amma tana aiki ne muddin dunƙulen da abin da yake karewa suna nutse a ruwa ɗaya, don ruwan ne ke kammala zagayen lantarkin. Tirelar da ke tsaye a bayan gida ba ta cikin wannan hali. An bar wannan shawara.

Zaɓin da ke gabansa

Abin da ya fara zuwa ransa shi ne a kankare, a fente ta gaba ɗaya ta koma sabuwa. Makaniken ya ƙi, kuma ina tare da shi. Fentin mai na yau da kullum ba ya zama a kan tutiya, yakan yi wani abu kamar sabulu a tsakaninsu ya ɓare falle-falle. Ko da an yi amfani da fentin share fage da ya dace, fenti zai ƙawata wurin da ba shi da ciwo ne, ya bar cikin bututu yadda yake. Mafi muni, zai ɓoye alamun da ake dubawa.

Zaɓi na biyu shi ne a kwance komai a kai shasin a sake tsoma shi. Wannan ne gyara mafi inganci in sauran ƙarfen yana da lafiya, don tutiyar za ta sake shiga cikin bututu. Yana buƙatar a tuɓe tirelar tsirara, a cire duk fenti da giris, a tabbatar kowane rufaffen bututu yana da ramin shaƙar iska, domin rufaffen bututu mai ɗan ruwa a ciki yana iya fashewa a tukunyar tutiya. Na uku shi ne ya sayar ya sayi ta alminiyam, mai shasi buɗaɗɗe da ba ya tara ruwa. Tana da kyau, amma kada a ruɗe: aksil, sifirin, birki da boris ɗinta duk ƙarfe ne, kuma duk inda ƙusar sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ta ratsa alminiyam ba tare da shamaki ba, alminiyam ɗin ne zai zama farin gari a kewayenta.

An auna kaurin tutiyar da ta rage da ƙaramin ma'aunin maganaɗisu, aka ga dogayen sandunan gefe suna da sauran rai. Sai aka tsaya a tsakiya: a canza abin da ya mutu, a kare abin da ya rage, a ɗage sake tsomawa zuwa gaba.

Aikin da aka yi

An yanke sandar baya aka sa sabuwa, wannan karon mai siffar C, buɗaɗɗiya ta gefe, wadda aka riga aka tsoma. Kafin walda an goge tutiyar da ke kusa da mahaɗa, aka yi aikin a fili. Wannan ba tsirfa ba ce. Tutiya tana tafasa a digiri 907, wutar walda ta wuce nan nesa, kuma hayaƙinta yana sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i. Da walda ta huce aka kankare ta har ƙarfe ya yi fari, aka shafa fentin tutiya, irin wanda busasshensa ya haura kashi 90 tutiya. Sharaɗinsa ɗaya ne, dole ya taɓa tsiraicin ƙarfe. In an shafa shi a kan tsatsa ko tsohon fenti ya zama fenti mai launin toka kawai. A ƙananan wuraren da burushin waya bai iya kaiwa ƙasan ramukan tsatsa ba, an yi amfani da ruwan asid na fosforik ya mayar da ita baƙar fata mai tauri, sannan aka rufe da fenti na daban. An kiyaye kada asid ɗin ya zuba a kan lafiyayyar tutiya, don ita ma yana cin ta.

Cikin dogayen bututun ya ɗauki lokaci fiye da komai. An ɗaga gaban tirelar sama, aka zura tiyo ta ciki har ruwan da ke fita ta baya ya daina zuwa da laka. An buɗe ramukan tsiyaya, aka ƙara wasu a mafi ƙasƙancin wurare, aka shafe bakinsu da fentin tutiya. An bar ta a rana ta bushe sarai, sannan aka fesa kakin hana tsatsa da doguwar siririyar roba mai fesawa ta kowane gefe, ana janyo ta a hankali. Wanda ya fesa kakin nan a kan laima da gishiri ya rufe ɓarawo a ɗaki ne, shi ya sa wanki da bushewa suka zo gabansa.

Sifirin an canza duka biyu, don ba a sa sabo gefe ɗaya. Kafin ɗaurawa an jiƙa tsakanin fallayen da man lanolin, wato man da ake samu daga gashin tumaki. An tattauna batun komawa aksil mai roba a ciki, wanda ba shi da fallayen da za su tara gishiri, amma aksil ɗin da ke kai lafiyarsa ƙalau, aka bar shi. Ƙusoshin U da duk wani noti da ya taɓa shasi an sa waɗanda aka tsoma a tutiya. Mutane da yawa suna ɗauka sitenles ya fi a ko'ina, alhali a kan tutiya yana ƙara mata saurin cinyewa a kewayensa, kuma shi kansa yana rami a matsattsen wurin da iska ba ta kaiwa. Inda aka yi amfani da shi, wato ƙananan ƙusoshin fitilu da na kafet, an zaɓi lamba 316, mai sinadarin molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda ya fi 304 jure gishiri, aka sa washar roba da man shamaki a tsakani.

Katakan an mayar da su waɗanda ba a jiƙa da jan ƙarfe ba, aka sa fallen roba tsakaninsu da ƙarfen da ke riƙe su, aka bar ƙasansu babu kafet don ruwa ya samu mafita. Birki an koma mai faifai, domin dram akwati ne da ruwa ke shiga ya zauna, faifai kuwa a fili yake, tiyo na kai masa. An zubar da tsohon man birki, tunda irin DOT 3 da DOT 4 suna shan ruwa daga iska su ci bututu daga ciki. Fitilu an sa rufaffun LED da waya mai rufin kuza, kowace mahaɗa an rufe ta da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki, kowace fitila kuma an ja mata wayar dawowa tata maimakon dogaro da shasi.

Cibiyoyin taya sun samu sabon boris, sil mai leɓe biyu, da girisin ruwa iri ɗaya bayan an wanke tsohon tas, don wasu girisan in an gauraya su sakin jiki suke yi. An ƙara murfi mai sifirin a ciki, irin su Bearing Buddy, wanda ke riƙe giris da ɗan matsi don kada cibiyar ta zuƙo ruwa. Shi ma yana da tarko. Mai ɗura giris har sai murfin ya ƙure zai fasa sil ɗin baya, giris ya malale kan birki, ruwa ya samu ƙofa mafi faɗi. Ana tsayawa ne da zarar farantin cikin murfin ya fara motsi.

Abin da ya canza a hannun mai ita

Duk wannan aiki zai koma inda ya fito cikin 'yan shekaru in al'ada ba ta canza ba, kuma nan ne aka fi shan wahalar shawo kansa, don ba abin saye ba ne. Yanzu in ya isa bakin ruwa yakan tsaya ya kwance igiyoyi, ya loda kaya, ya taɓa cibiyar taya da bayan hannu, sai ta huce yake shiga. Ba ya nutsar da tirelar fiye da abin da kwale-kwale ke buƙata ya taso. Wanki da ruwan daɗi ya koma ranar da aka dawo, kuma daga ƙasa ake farawa: cikin bututu, tsakanin fallayen sifirin, bayan taya, birki, kafet har sai ya ɗiga. Ruwa mai yawa a hankali ya fi ruwa mai ƙarfi, wanda ke iya tura gishiri cikin sil. Akwai wani giɓi da mutane ke mantawa, wato sa'o'in da tirela ke tsaye a rana bayan an saki kwale-kwale da safe, gishiri na bushewa a kanta. Ya fara tafiya da ƙaramin abin feshi na hannu cike da ruwan daɗi yana watsa wa birki da sifirin kafin ya hau ruwa. Wurin ajiya ya koma kan siminti, gaba a ɗage don bututu su tsiyaye, tamfol a kan kwale-kwale kaɗai, ƙasa a buɗe iska na ratsawa.

Da aka sake kwance cibiyoyin bayan shekara guda, girisin yana nan da launinsa. Sifirin ya yi ɗan ja a gefuna, wanda ba makawa, amma fallayen a manne suke. Wuri ɗaya ne bai gamsar ba: mahaɗar sabuwar sandar baya da tsohon shasi, inda fentin tutiya ya fara nuna ɗigo-ɗigon ja a bakin walda. Fentin ba ya kai tsomawa ƙarko, kuma bayan waldar ta cikin bututu babu hannun da ya kai can sai kaki. An sake kankare wurin an shafa, aka sa shi cikin abin da za a riƙa bugawa da guduma duk farkon kakar kamun kifi. Ranar da sautinsa ya fara mutuwa, ko ma'aunin maganaɗisu ya nuna tutiyar sandunan gefe ta kusa ƙarewa, shasin zai tafi tukunyar tsomawa gaba ɗayansa.